Rasuwar Sannu-Ba-Ta-Hana-Zuwa, Motar da Ake Kwatance da Ita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da goro, Malam Nata'ala Mai Goro na Agege yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan Ikko da na gida Arewa, rasuwar babbar motarsa Sannu-Ba-Ta-Hana-Zuwa. An ɗauke ta daga bakin titi ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, tana da shekara talatin da ɗaya a duniya: sha huɗu a kan hanya, sha bakwai a tsaye. Rashin ya zo a mummunan lokaci, domin yayarsa Mariamu tana kan hanya daga Illela, kuma motar nan ce kaɗai adireshin da ta sani.

Marigayiyar ta yi ƙuruciyarta tana kai goro Sakkwato, tana dawowa da albasa. Waɗanda suka san ta a lokacin sun shaida ba ta taɓa wuce kowa a hanya ba. Da safe takan ce "gir... gir... gir..." kamar mai neman shawara, sai majiya ƙarfi shida sun sa kafaɗa sannan ta amsa da "fuuut". A daminar 1984 ta dawo daga Arewa, ta tsaya daidai ƙofar gidan da Malam yake haya, ta ce "tusss", shi ke nan. Bakanike na uku da ya duba ta, wani Bayarabe mai tsoron Allah, cewa ya yi, "Oga, ka bar baiwar Allah ta huta." Ya karɓi goro biyu ya yi gaba.

Daga nan aikinta na gaskiya ya fara. Gidajen titin nan suna da lamba, amma gida uku ne ke amsa lamba sha biyu, don haka da kwatance ake rayuwa. Ga ta ruwan ɗorawa, ga ta ƙatuwa, ba ta zuwa ko'ina. Kafin shekara ta zagayo, fasinjan danfo, ƙananan bas ɗin hayar Ikko, in zai sauka sai ya ƙwala da Yarbanci, "Sannu, o wa o!", wato akwai mai sauka, direba ya taka burki. Wasiƙu suka riƙa isowa ɗauke da "Bayan motar nan, Agege", ba su taɓa ɓata ba. Malam ya kafa farantin goronsa a inuwarta, ya fi samun ciniki a kan lokacin da take tafiya. Sojoji sun zo sun tafi, ta gan su duka. Sau biyu suka ce a kawar da ita, sau biyu suka tura suka gaji. Ashe farar hula ne ajalinta.

Ta rasu ta bar babbar yayarta, tashar jirgin ƙasa, wadda ta girme wa kowa a titin. Ta bar koriyar hasumiyar masallaci, da gidan burodin da ko makaho ya san ya iso wajensa. Ta bar benen Alhaja mai zakunan siminti biyu a kan katanga, ɗaya ba kai tun zamanin soja, da tsohuwar sinimar da ta koma coci amma har yau ake ce mata sinima. Duk manya ne, sai dai babu ɗaya a cikinsu da ke ƙofar Malam Nata'ala. Ta kuma bar kaji tara da aka ƙyanƙyashe a kujerar direba, da duwatsu huɗun da suka maye gurbin tayoyinta.

Ciwon ajali ya fara ne da jan fenti. Wasu ma'aikata suka zo da igiyar awo, suka ce za a faɗaɗa titi, suka zana mata alama a haƙarƙari. Malam ya sayo fenti ruwan ɗorawa ya shafe, yana zaton ya yi maganin abin. Ranar Talata janwe ya iso. Da aka ɗaure ta da sarƙa aka ja, sai ta ce "ƙiiii", kalmarta ta farko cikin shekara sha bakwai. Jama'a suka tafa. Malam ya yi kuka har da majina, ko da yake ya yarda bai taɓa ganin ta yi gudu irin na ranar ba.

Abin da ya hana shi barci shi ne kaset. Mariamu ita ta goya shi, rabonsu da juna shekara sha tara, ba ta karatun boko, ba ta jin Yarbanci. Wata biyu da suka wuce ya ɗauki muryarsa ya aika mata: "Yaya, in kin sauka tasha ki ba layin dogo baya. Ki wuce masallaci, ki wuce ƙamshin burodi, ki wuce zaki marar kai. Kada ki tambayi kowa. Ki yi ta tahiya har ki ga mota ruwan ɗorawa. Nan nike." An ce ta saurara har kaset ɗin ya tsinke. Amsarta ta iso ta bakin Almu direban albasa: "Ka ce mai ina tahe duk ran da mota ta samu. In ban ga motar ba, na san yaron nan bai bar ƙarya ba, juyawa ni kai." Wanda ya san Mariamu ya san za ta aikata.

Game da jana'iza, babu gawa, 'yan gwangwan sun raba ta tun ranar Laraba. Zaman makoki kuwa ana yin sa a gurbin marigayiyar, tsakanin duwatsun nan huɗu, kullum daga asuba zuwa magariba. Ba na kwana uku ba ne, ba na bakwai ba, sai ranar da Mariamu ta iso. Mai karɓar gaisuwa zai kasance cikin babbar riga ruwan ɗorawa da Isma'ila tela ya ɗinka masa da yadi goma sha biyu, da hula ruwan ɗorawa, a kan kujera mai tsayi. Tun jiya danfo suka koma tsayawa a gabansa, har an damƙa masa wasiƙa biyu.

Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya daga gefe, kada su tare shi daga titi. Duk wanda ya ga wata doguwar tsohuwa da ƙullin kaya a ka, ta wuce zaki marar kai tana waige-waige, don Allah kada ya ce mata an ɗauke motar. Ya kama hannunta ya kawo ta gaban Malam Nata'ala, ya ce mata ga ta nan, ramewa kawai ta yi.