Cunkoson da Ke Ja Mana Taru

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Iska Mai Daɗi, uban laimomi da kujerun kishingiɗa, wanda rairayin bakin tekun garinmu ya koma hannunsa tun bara.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai abin hannu, da fatan iskar tekunmu tana karɓar jikinka. Ni ne Ato Bentsil, tsohon nan mai taru da kake hangowa daga benenka muna jan igiya muna waƙa. Sanarwarka ta iso mu, cewa daga wata mai kamawa ba za mu ƙara jan taru ranakun Asabar da Lahadi ba, domin baƙi sun koka da cunkoso. Mun gode da aka manna ta a jikin kwalekwalena, inda ba za mu ce ba mu gani ba. Ga 'yan koke-kokena, idan ba za su cika maka ofis ba.

1. Na ji yaranka sun zaga suna tambayar baƙi ko wurin ya cika, kowa ya ce ya cika. Wani bawan Allah da ya zo daga birnin Akara da mota biyu, da mata da 'ya'ya da surukai da tukunyar shinkafa, da kunnena na ji yana cewa, "Wai mutanen nan ba su da gidaje ne? Kowa sai ya kwaso jiki ya taho nan." Laifi tudu ne, ranka ya daɗe. Shin an tambaye shi shi da su wa ya zo?

2. Rairayin nan ya miƙe har inda ido ya gaza, babu kowa sai ƙaguwa. Amma baƙinka wuri ɗaya suke cusuwa, tsakanin lasifika da kaskon kifi, gwiwa na gugar gwiwa. Matata Ekuwa, mai kaskon, ta taɓa nuna wa wata budurwa filin can. Yarinyar ta ce, "Haba Mama, can ai babu mutane, wa zai gan ni?" Ta koma ta zauna tana tsakin an matse ta. Wannan ma tarunmu ne ya jawo?

3. Tun kakanni, duk wanda ya kama igiyar taru ya ja, ko baƙo ne, yana da kifinsa. Baƙinka sun gano haka. Sukan kama da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaukar hoto, har sai abokina Kobina ya daka musu tsawa: "Yallabai, ja ake yi ba rawa ba. Sa tumbin nan a aiki, ai ba don ado ka tara shi ba." Su kwashe da dariya, su ja da gaske. Ƙarshe kowa ya tafi da ɗan kifinsa a leda yana taƙama, matarsa tana yi masa kirari. Ko mutum ɗaya ya taɓa kawo maka ƙarar wannan?

A nan zan ajiye wasa. 'Ya'yanmu sun tafi birni, wasu tuƙin tasi, wasu leburanci. Ranakun aiki tsofaffi ne kawai a kan igiya, taru yakan fi ƙarfinmu, sai mu jefa shi nan kusa da gaɓa mu kwashi abin da bai kai miya ba. Talata kuwa ranar hutun teku ce, ba a shiga. Asabar da Lahadi ne kaɗai muke kai tarun can nesa inda kifi yake, don mun san akwai masu ja. Kamun kwana biyun nan ne ke riƙe gidajenmu har mako ya zagayo. Abin da ka kira cunkoso, ni idan na hango motoci suna sauke shi zuciyata fari take yi. Tun da na ga sanarwarka tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye maka ba.

Duk da haka, wa ya isa ya ja da kai? Za mu bi. Roƙona ɗaya ne. Tunda ranar Litinin rairayin yakan zama yadda kake so, fayau babu kowa, ka taimaka ka sauko da ma'aikatanka da hantsi ku kama mana igiya. Ka sa tsohon wando. Wuri kam akwai shi a yalwace, babu wanda zai matse ka.

Naka mai biyayya, mai durƙusawa har rairayi ya shiga gwiwa,

Ato Bentsil
Mai taru, gindin kwakwar da ba ku sare ba tukuna