Baƙar Kunama Za Ta Makka

A wata unguwa a Funtuwa an yi wani mai sayar da fenti, sunansa Tanimu. Mutum ne mai fara'a, ba a rasa shi a sahun farko, in aka yi rasuwa kuma shi ne kan gaba wajen ɗaukar makara. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne Tanimu mutum biyu ne. Na farkon yana zaune a shago yana gaisawa da masu wucewa. Na biyun yana cikin waya, sunansa Baƙar Kunama, ba hoton fuska, ba gari, ba sunan uba.

Kunamar nan mutum ɗaya ta sa a gaba, wato Malam Sallau, tsohon hedimasta. Asalin abin kuwa zaɓen shugaban kwamitin gyaran unguwa ne, inda Malam Sallau ya kayar da Tanimu da ƙuri'a huɗu. Ranar nan Tanimu ya rungume shi a gaban mutane ya ce Allah ya taya riƙo, ya koma shago ya buɗe sabon shafi a Fesbuk.

Tun daga ranar Malam Sallau bai sake rubuta komai a zauren unguwa na Fesbuk ya sha ruwa ba. In ya ce a fito ranar Asabar a yashe kwata, Kunama ta ce, “Tsoho, fara yashe bakinka.” In ya sa hotonsa a bakin rijiyar da aka gyara, ta ce hular kansa ta girmi rijiyar. Da farko abin dariya ne. Sannu a hankali ta koma kan ɗingishinsa, daga nan ta kai ga 'yarsa da aurenta ya mutu ta dawo gida. Samari suka riƙa biyo bayanta suna ƙara gishiri. Yarinyar ta daina fita ko biki, shi kuma dattijon ya daina rubutu gaba ɗaya.

A majalisar ƙarƙashin dalbejiya, bayan la'asar, kullum sai an yi gardama a kan wannan. Wani ya ce a tilasta wa kowa sa sunansa na yanka da hotonsa kafin ya yi rubutu. Wani ya ce in aka yi haka, wa zai sake faɗa wa manya gaskiya ya kwana a gidansa? Tanimu kuwa ya fi kowa ɗaga murya.

“Ni dai ragon namiji ne ke ɓoye fuska,” in ji shi. “In kana da magana, fito fili ka faɗa!”

Malam Sallau sai ya gyaɗa kai ya ce, “Allah ya yi maka albarka, Tanimu.”

Aka shekara biyu a haka. Ana nan sai Allah ya kira Tanimu, ya samu kujerar Makka. Ya fara zuwa bitar maniyyata da littafinsa da bironsa, yana koyon ɗaura harami. Rannan malamin bita ya ɗauko zancen haƙƙi. Ya ce abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa mai sauƙi ne, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, don haka kowa ya zaga ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa kafin jirgi ya tashi.

Tanimu ya ɗaga hannu a hankali.

“Allah gafarta malam, wani ne ya ce in tambaya masa. To idan wanda aka zalunta bai san wanda ya zalunce shi ba fa?”

Malamin ya dube shi ta saman tabarau. “Shi bai sani ba. Wanda za a je ɗakinsa fa?”

Tanimu ya dawo shago ya kasa ko auna fenti. In ya je ya faɗi gaskiya, gobe ba shi da fuskar shiga majalisa. In ya yi shiru, zai je Arfa da kayan mutane a wuya. Yana cikin juya abin sai dabara ta faɗo masa: tunda Kunama ce ta yi ɓarnar, ai ita ya kamata ta nemi gafara. Ya ɗauko waya ya rubuta wa Malam Sallau saƙo ta ɓoyayyen shafin, da ladabi ƙwarai:

“Assalamu alaikum. Ni ce Baƙar Kunama. Bana Allah ya nufe ni da zuwa ƙasa mai tsarki, shi ne nake roƙon ka yafe mini don Allah.”

Ya aika, ya ji wani sanyi a ransa, har ya sayi lemo. Kafin ya shanye amsa ta shigo:

“Wa alaikumus salam. Ban iya yafe wa ƙwaro ba. A turo mutum.”

Tanimu ya karanta sau uku. Ya kwana biyu yana saƙawa yana kwancewa, har ya samo wata hanyar. Ai al'ada ce maniyyaci ya bi gida-gida yana sallama. Zai je da fuskarsa ta Tanimu, ya nemi yafiya a dunƙule, Kunama ta shige a ciki ba tare da an kira sunanta ba.

Saura kwana uku a tashi, da hantsi, ya sa farar shadda ya yi sallama a zauren Malam Sallau. Dattijon yana zaune kan tabarma yana sauraren rediyo. Ya rage murya ya faɗaɗa fara'a.

“A'a, Alhajin bana! Shigo, shigo. Harama ta yi nisa ke nan.”

Tanimu ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa. Sannan ya sunkuyar da kai.

“Malam, sallama na zo. Zama ne na yau da gobe, ɗan Adam kuma ajizi ne. Duk abin da na yi maka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, na fili da na ɓoye, ina roƙon ka yafe mini.”

“Haba Tanimu! Kai da kake tare mini faɗa a majalisa? Na yafe maka duniya da lahira.”

Tanimu ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara laluben takalmi.

“Rai ɗaya ne kawai ban yafe wa ba a duniyar nan,” in ji Malam Sallau. “Baƙar Kunama. Ni da ta zaga, da sauƙi. Amma yarinyar nan tawa me ta yi mata? Yawwa, tunda Allah ya kawo ka, ga saƙo. In ka yi arba da ɗakin Allah, don girman zumunci ka ɗaga hannu ka roƙa mini Allah ya tona mata asiri a tsakiyar kasuwa.”

Tanimu ya ce, “Malam, ai... ai ba a zuwa can da mugun nufi.”

“Ka dai ce amin.”

“Amin,” in ji Tanimu, da wata murya kamar ta mai mura.

“Ka san abin mamaki? Ta rubuto mini ita ma bana za ta. Na ce ikon Allah, unguwar nan kaf kujera ɗaya na ji an samu. Wataƙila a kan cinyar wani za ta zauna.”

Tanimu ya gyara durƙuso, ya yi ƙarfin hali.

“Malam, ni a ganina, tunda har ta nemi gafara, ta yi nadama. Babba da haƙuri aka san shi. Me zai hana ka haɗa mu gaba ɗaya, ni da ita, ka yafe, kowa ya tafi da sauƙin kaya?”

Malam Sallau ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyonsa.

“Kai ai na gama da kai, Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Ita ce ban yafe wa ba. Sai ka san dabarar da za ka yi ka bar ta a filin jirgi.”