Wayar da Na Murɗe ta Hagu

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban malaman sashenmu ina gabatar da binciken digirina na biyu. Idan sun gamsu in wuce zuwa jarrabawar ƙarshe, idan ba su gamsu ba in ƙara zango guda ina zarya a keke tsakanin Arkilla da jami'a. Ni kuwa na ci alwashin a zangon nan zan gama, ko ana ha maza ha mata.

Aikina a kan wata 'yar ƙofa ne da ke jikin fatar ƙwayar cutar mura. Sandunan furotin ne guda huɗu, kowanne a murɗe kamar igiya, sun tsaya a kewaye sun bar siririn rami a tsakiya. Ta ramin nan furoton (ƙanƙanin abin nan da ke sa ruwa tsami) ke shiga ɗaya bayan ɗaya, har ƙwayar ta kwance ta zazzage kayanta a jikin mutum. Shekara guda ina jujjuya hoton ƙofar nan a kwamfuta, na san ta fiye da ƙofar gidanmu.

Abin da nake tsoro shi ne wutar lantarki. A gabana aka ɗauke ta ƙawata Rifkatu na tsakiyar bayani, ta ƙare da zane a iska da yatsa. Na ce ni ba za a yi haka da ni ba, da hannuna zan ƙera ƙofar. Na sayo wayar ƙarfe a Ƙofar Dundaye, na ɗauko muciyar Inna (ban tambaye ta ba, Allah ya yafe mini), na naɗa waya a jikinta ina zarewa har na samu sanduna huɗu. Na shafa musu fenti, na ɗaura roba a tsakiya a matsayin makullin ramin, na sa gwangwanin madara a ƙasa. Aya kuwa ita ce furoton.

Ranar gabatarwa, abin haushi, wuta ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Mai hankali da ta bar abin a jaka. Amma kwana uku yatsuna na ciwo, ai dole a gani. Na ɗora shi a tebur, na riƙa jefa aya ta sama tana ratsa roba tana faɗawa gwangwani, ina ji da kaina sosai.

Sai wani dattijon Farfesa da ke gaba ya miƙo hannu. "Ɗiyata, kawo abin ga in gani." Ya duba, ya sauke tabarau, ya sake dubawa. "Wanga murɗi naki, wane gefe ya nuhwa?"

Na ce, "Sama, Farfesa."

Aka yi 'yar dariya. Shi bai yi ba. "Sandunan ƙohwar ga dama suka murɗewa, haka Allah Ya yi su. Naki duk huɗun hagu sunka yi."

Wannan karatun 'yan aji ɗaya ne. Da na ce na gode, zan gyara, da shi ke nan. Amma taurin kaina ya motsa. Na karɓe abina na ce, "Ai a kife kuka riƙe shi, Farfesa." Na juya shi ƙasa ta koma sama, na manta shaf da gwangwani. Aya ta watse a ɗakin, har ƙarƙashin kujerun malamai. Murɗin kuwa yana nan yadda yake, don abin da aka murɗe ta hagu, ko an kife shi hagu ne. Na san haka, na ma taɓa koya wa ɗalibai. Malamin da ke duba aikina ya rufe fuska da fayil.

Farfesa ya tsinci aya ɗaya a kan rigarsa, ya jefa a baki. "Ko ƙauyen Kwalkwalawa kinka kai shi kinka maido, hagu na."

Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi, amma ban yi kuka ba. Na durƙusa na tsince ayata, na miƙe na ce a ba ni mako biyu. Suka yi shawara suka ba ni. Na warware wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, na miƙar da su da guduma, na sake naɗawa ina duba kwamfuta a kowane zagaye. Na koma, na ci, ban ƙara zango ba.

Yanzu da ni ke duba aikin ɗalibai, idan wani ya fara jujjuya kuskurensa yana neman gefen da zai yi kyau, ba na faɗa. Nakan ce masa ya daina wahalar da kansa, ya je ya warware daga farko. Ni na gwada kifewa a gaban sashe guda, abin da na samu kawai shara ce.