Tankar da Ba Ta Ga Yaƙi Ba

Wani ne a garin Barnsley na Ingila ya yi ritaya daga aikin raba wasiƙu, sai ya rasa inda zai sa kansa. Safe yana kicin, rana yana kicin. Matarsa Beryl ta buɗe firji, yana bayanta. Ta ɗora tukunya, ya leƙa ya ce gishiri bai ji ba, shi da ko ruwan shayi bai taɓa dafawa ba. Da abin ya kai mata ko'ina, ta miƙa masa kwat da hula, ta ce ya fita ya nemo abin yi kamar sauran tsofaffi, ko kamun kifi ko kiwon tattabara, kada dai ta sake ganin ƙafarsa kafin yamma.

Ruwan sama ne ya kora shi cikin kantin Mista Ogden, mai sayar da 'yan ƙananan tankokin yaƙi na roba, irin waɗanda ake saye gutsi-gutsi a kwali, mutum ya haɗa da gam ya shafa fenti. Ya ga hoton wata a jikin kwali tana aman wuta. Nan take ya ji jinin soja yana motsa masa, mutumin da duk karnukan unguwa sun san launin tafin takalminsa saboda gudu.

Mista Ogden ya tambaye shi wane awo yake so, ɗaya bisa talatin da biyar ko ɗaya bisa saba'in da biyu. Mutumin bai gane ba, kuma bai so a gane bai gane ba.

Ya ce, "Ba ni ta saba'in da biyu. Ni ba na harka da ƙaramin abu."

Mista Ogden ya buɗe baki zai yi bayani, mutumin ya ɗaga masa hannu. Ya ce rayuwarsa kaf a karanta lambar gidaje ta ƙare, ba yau za a koya masa wanne ya fi girma tsakanin saba'in da talatin ba.

Da ya isa gida ya ce wa Beryl ta fitar da mota daga gareji, don wataƙila zai buƙaci wurin. Ya buɗe kwali. Ashe sau saba'in da biyu aka rage girmanta, tanka ba ta kai gidan ashana ba. Direbanta kuwa ƙwayar shinkafa ta fi shi girma. Yana sunkuyawa ya duba da kyau sai atishawa ta zo masa, rabin runduna ta watse cikin kafet. Kafin ya lalubo tabarau, Beryl ta bi wurin da injin shara ta zuƙe direba da igwa.

Washegari ya koma ya ce an cuce shi, ta jarirai aka ba shi. Mista Ogden bai ja magana ba. Ya ɗauko masa ta talatin da biyar, irin wadda ake kira Sherman, ya kuma gaya masa akwai ƙungiyar masu wannan sana'a da ke haɗuwa duk Alhamis a zauren bayan coci.

Mutumin ya duƙufa. Ya manne yatsa da yatsa, ya manne sarƙar tayoyin tanka da gashin girarsa, a ƙarshe dai ta tsaya da ƙafarta. Ya shafe ta da ragowar koren fentin ƙofa, ya goge ta da man mota har tana ɗaukar ido. Ranar Alhamis ya sa nektai, ya rungume ta kamar jaririyar da za a raɗa wa suna.

Shugaban ƙungiyar, Mista Hepworth, Janar suke ce masa, ko da yake aikin duba mitar ruwa ya yi har ya tsufa, ƙarar bindiga kuma sai a talabijin. Mataimakinsa Cyril, mai gidan burodi, shi ne Kanar. Suka sunkuya kan tankar da gilashin ƙara girma, suna girgiza kai kamar likitoci a kan wanda ya riga ya cika.

Janar ya ɗago ya ce, "Abokina, wannan tanka ce ko amarya?"

Zaure ya ɗauki dariya. Janar ya ce tankar ba ta ga yaƙi ba. Ina laka, ina tsatsa, ina ƙura, ina wahala? Tankar kirki sai ka dube ta ka ji tausayin uwar direbanta.

Mutumin ya koma gida da zuciya a wuya. Ya binne tankar cikin fangalin kabejin Beryl. Ya tono ta ya bar ta a ruwan sama don ta yi tsatsa, kullum ya leƙa, roba ta ƙi. Ya ɗaure ta da igiya a bayan keke ya zagaya filin ƙwallo, yara suna binsa da tafi. Da ta yi duƙun-duƙun ya mayar da ita zaure.

Janar ya lakato lakar da farce, ya shinshina, ya ɗora a harshe. Ya ce wannan ai lakar Barnsley ce, ita kuwa tankar a Normandy da ke Faransa ta yi yaƙi. Kanar ya ce gaskiya ne, lakar can ja ce. Janar ya ce rawaya ce. Ashe a kan launin lakar nan suka daina zuwa bikin juna tun 'ya'yansu suna firamare.

Da takaicin abin ya ishe shi, mutumin ya ce wa Beryl ta shirya, zai kai ta hutu Faransa. Baiwar Allah ta daɗe tana roƙon wannan tafiya. Ta yi gyaran gashi, ta sayi sabuwar riga, ta gaya wa duk maƙwabta. Suka hau jirgin ruwa. Tun da suka sauka ba ta ga kanti ba, ba ta ga bakin teku ba. Daga wannan gona sai waccan, tana tsaye riƙe da laima, shi yana durƙushe da cokalin shayi yana cika kwalabe, shanu suna kallonsu.

A hanyar dawowa jami'in kwastan ya buɗe jaka ya ga kwalabe jere. Ya tambayi mene ne a ciki.

Mutumin ya ce, "Laka ce, yallaɓai."

"Laka ta ƙare a Ingila ne?"

"Akwai, amma tamu ba ta ga yaƙi ba."

Jami'in ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya wajen Beryl ya yi mata sannu, irin wadda ake yi wa mai jinya.

Janar ya yarda da launin, Kanar ya yarda da warin, amma suka haɗu a kan cewa lakar ta fi ƙarfin awo. Tanka an rage ta sau talatin da biyar, laka kuwa tana nan da girmanta na asali. In aka yi lissafi, kowace tsakuwa a jikin sarƙar nan ta kai kan rago. Sai ya rage girman lakar.

Mutumin ya niƙa laka a injin niƙan Beryl, ya tankaɗe da safarta. Makon nan duk miyar da aka ci a gidan sai ta yi ƙaras-ƙaras a haƙori. Ya kwashi hodarta ya yi ƙura, ya kankare jan-bakinta ya yi tsatsa. Beryl tana gani, tana haɗiyewa, tana cewa a ranta ko ba komai ya fita daga kicin.

Gasar shekara ta matso. Kanar ya ja shi gefe ya ce tankar ta fara zama mutum, abu ɗaya ya rage, ragar da sojoji ke lulluɓa wa tanka don kada jirgin sama ya gan ta. Amma idon ragar ya zama ƙanana, daidai awo.

Ya gwada buhun albasa, ido ya yi girma. Ya gwada matatar shayi, ta ƙi lanƙwasuwa. Yana cikin bincike sai ya ci karo da wani kwali a saman kabad, a ciki ga wani farin mayafi mai laushi, idonsa ƙanana kamar don tankar aka saƙa. Mayafin auren Beryl ne. Uwarta ta sa shi, ita ta sa shi, jikarsu kuma za ta sa shi wata mai zuwa. Mutumin ya yi tunani irin na mai hankali: gefen akwai ado, bai kamata a ɓata ba. Sai ya yanko daidai tafin hannu daga tsakiya, ya tsoma a koren fenti, ya ninke sauran ya mayar yadda ya same shi.

Ranar gasa da safe Beryl ta sauko da kwalin don ta kai wa jikarta ta gwada. Ta warware mayafin, ta ɗaga shi wajen haske, sai ga fuskar mijinta ta cikin ramin, yana shafa wa burodi bota.

Ta ajiye mayafin, ta wuce inda tankar take zaune cikin sabuwar ragarta. Ta cire takalminta mai tsini ta sauke mata shi a gefe, dunduniyar ta shige har ciki. Ta hau da ita sama ta sako ta daga kan matakala, tankar ta sauko tana gaisawa da kowace. Ta bi ta ta tsince ta, ta jefa cikin murhun ɗumama falo. Da roba ta fara wari, ta zaro ta da awartaki, ta sa a kwalinta, ta rufe, ta miƙa masa da hannu biyu. Sannan ta ɗauki makullin mota, don ita ce mai raba shayi a zauren ƙungiyar a ranar, kuma Beryl ba ta saɓa alkawari.

Suka isa zauren. Mutumin ya raɓe a lungu da kwali a ƙarƙashin kujera, yana fatan a tashi ba a tuna da shi ba. Kanar ya hango shi, ya zo ya fizge kwalin ya buɗe a gaban jama'a.

Kowa ya leƙo. Igwa ta lanƙwashe ta kalli ƙasa, sarƙa ɗaya ta tsinke tana reto, gefe ya huje, baya ya narke ya yi baƙi, ragar ta ƙone ta manne. Janar ya matso da gilashinsa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin aiki mai taɓa zuciya irin wannan ba. Wannan ita ce tankar da ta ga yaƙi.

Aka ba shi na ɗaya ba tare da ƙuri'a ba. Sai gardama ta tashi. Janar ya nuna ramin dunduniya ya ce wannan aikin babbar igwar Jamus ce, daga nesa, a bayan garin Caen, ko makaho ya shafa zai gane. Kanar ya ce ƙarya ne, daga sama aka buge ta, dubi yadda ta faɗo tana dungure. 'Yan ƙungiya suka rabu biyu, har an fara cin kwalar juna, wani ya zubar da shayinsa a kan sojojin wani.

Janar ya buga tebur, ya ce mai abu yana nan, a tambaye shi. Ya juyo ya dafa kafaɗar mutumin.

"Abokina, raba mu da wannan jahilin. A wane yaƙi aka yi mata haka?"

Mutumin ya saci kallon teburin shayi. Beryl tana tsaye tana yanka kek da doguwar wuƙa, idonta ba a kan kek ɗin yake ba.

Ya ce, "Janar, rage murya. Ba a gama yaƙin ba."