Rasuwar Gogo, Amjad Ɗin Ibrahimu

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya ƙi sauka, iyalan gidan Jatau na Dar Salam suna sanar da rasuwar Gogo, farar amjad ɗin ƙanena Ibrahimu, ƙaramar motar hayar da ke ciyar da gidan. Ruwan lagireto ne ya tsiyaye, inji ya ƙone. Ta cika a tsakiyar gada, a hanyar dawowa Omdurman daga kasuwar Suk al-Arabi, da fasinja a cikinta.

Marigayiya tsohuwa ce, shi ya sa yara suka sa mata Gogo. Ba ta taɓa ƙin kaya ba. Ta ɗauki buhunan albasa, ta ɗauki masu naƙuda, ta kai gawar mahaifinmu makwanci. Da safe sai ta yi "ƙir-ƙir-ƙir", ta yi tari, sannan ta tashi. Hon ɗinta ya dushe kamar muryar mai mura, amma Khadiga matar Ibrahimu tana jin sa daga bakin layi take ɗora shayi.

Ciwon ajalinta ya fara da jiƙewar ƙasa. Kullum Ibrahimu ya fito sai ya tarar da danshi ƙarƙashin hancinta. A gindin dogon yaron da take kwana ake ɗaure jakin Salih mai karo, wato amalanken tallan ruwa, maƙwabcinmu tun muna cirar auduga a Jazira, wanda bai taɓa kiran Ibrahimu da suna ba, sai dai yaya. Ibrahimu ya dubi danshin, ya dubi jakin, ya yanke hukunci: fitsari ne. Jar fitila ta kama a gabansa, ya liƙe ta da salatif, wai tana tsorata fasinja. Allurar zafi ta hau, ya ce ai garin ma zafi yake.

Salih ya ce, "Yaya, fitsarin jaki ba ya ƙanshin alewa, ruwan lagireto ne ke yin sa. Ka sa a duba mata tiyo."

Ibrahimu ya ce, "Ya zol, kai mutumin nan, kwashe dabbarka daga inuwata."

A gaban mutane ya faɗa. Salih ya kwance jakinsa ya kai shi rana. Da ma shi ne kowace safiya, kafin ya fita talla, yake buɗe murfin lagireto ya zuba wa Gogo ruwa daga gangarsa. Ibrahimu ya ɗauka ladabi ne kawai na ƙani. Daga ranar babu mai zuba mata. Jaki ya tafi, danshi bai tafi ba. Ibrahimu ya ce ƙasar ce ta riƙe.

A kan gada ta yi "fsss", farin tururi ya rufe gilashi, ta yi shiru. Ga kogin Nilu cike a ƙarƙashinta, ita kuwa ƙishirwa ta kashe ta. Bakanike ya nuna mana tsagar a jikin tiyo, ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Ibrahimu ya daɗe yana shafa wurin.

Ta bar tayoyi huɗu, ɗaya mai faci, da jak, da batir mai sauran rai, da Khadiga da 'ya'yanta, da mai ita wanda yanzu yake fita neman aikin leburanci da makullinta a aljihu.

Za a yi zaman makoki a gindin dogon yaron. Masu zuwa su zo da sukarinsu, kada kuma wanda ya ce "ai na faɗa maka". Za a kai ta wurin masu yankan ƙarfe ranar Asabar da hantsi. Babu abin jan ta sai jakin Salih, Ibrahimu kuma shi ya taka da ƙafarsa ya roƙa. Salih ya yarda, ya ce ba ya son komai. Amma daga bakin ƙofa ya tsaya, bai taɓa shayin da aka miƙa masa ba.

Ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Ibrahimu."

Sanarwa daga wansa, Zainul'abidin Jatau.