Bayan Biki Sai Ka Huta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka ƙaddamar da Ɗan Aike ba, kuma ko na so in manta, matan ƙungiyar manoman citta ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa kasuwar Kafanchan sai wata ta ɗago kai daga kan buhu ta ce, "Injiniya, ka huta?" Ni kuwa sai in yi murmushin dole in ƙara sauri.

Ɗan Aike wata 'yar manhajar aika saƙo ce da wata 'yar garinmu, Madam Zugwai, ta ƙera wa ƙungiyar, don manoma da 'yan kasuwa su riƙa sanar da juna ranar taro, da ranar da mota za ta zo ɗaukar kaya, da inda ciwon ruɓewa ya ɓulla a gona. Ita ta yi aikin mai wuya. Ni aka ba ni rubuta shafin taimako da Hausa, wato bayanin nan da ke buɗewa in mutum ya rikice ya danna alamar tambaya: yadda ake aika saƙo, yadda ake ɗaukar murya, yadda ake goge abin da aka aika bisa kuskure. Aikin bai wuce fayil goma sha biyu na rubutu zalla ba, amma daga ranar na fara yawo da jakar kwamfuta ko kosai zan saya. (Sunan Injiniya ma ni na fara kiran kaina, mutane suka taya ni.)

Madam ta turo mini takarda shafi ɗaya tak a kan yadda ake tsara rubutun: me za a sa don kalma ta yi kauri, me za a sa don a jera matakai ɗaya, biyu, uku. Na buɗe, na ga guntuwa ce, na rufe. Ni da na yi difloma a kwamfuta, shafi ɗaya zai koya mini me? Abin da na riƙe daga makaranta shi ne, in ka fara layi da alamar #, wadda ake dannawa a ƙarshe in za a loda kati, to kwamfuta ba ta kula layin. Naka ne kai kaɗai, kamar rubutun da ɗalibi ke yi a bayan littafinsa. Wannan gaskiya ne a irin fayilolin da muka koya a makaranta. Ban tsaya na tambaya ko haka yake a na Madam ba.

Shawara ɗaya dai na bi. Madam ta ce kada in zauna a ɗaki ina ƙirƙirar matsala, in je in zauna da mutum na gaske in ga inda yake maƙalewa. Sai na zaɓi Mama Rifkatu, shugabar mata ta ƙungiyar, wadda kuma ita ce mahaifiyar Saratu, yarinyar da nake nema. An riga an tsayar da Asabar ɗin da kawunnaina za su je gaisuwa gidansu a Kagoro. Na ce da kaina, ga aiki, ga kuma damar nuna wa suruka irin haƙurin da Allah ya zuba mini.

Mako uku ina hawa mashin zuwa Kagoro. Mama takan shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin mangwaro, ta kawo kunu, ta ɗauko wayarta cikin leda. In za ta danna, da dukan ƙarfinta take dannawa har farcen ya yi fari. In za ta ɗauki murya, sai ta saki maɓallin tukun sannan ta fara magana. Ranar da ta riƙe shi daidai kuwa, sai da ta gai da wadda za ta aika wa, da mijinta, da yara, da gajiya, da ruwan jiya, kafin ta zo kan maganar taki. Ni kuwa fuska a sake, murya a ƙasa: "Ba komai Mama, mu sake. Ai kina ƙoƙari."

In na dawo gida sai in buɗe kwamfuta in rubuta bayanin, kuma gaskiya na rubuta shi da kyau, don na ga ainihin inda hannu ke tuntuɓe. Amma a saman kowane sashe sai in sa alamar # in sauke abin da na haɗiye a ƙarƙashin mangwaro. Wa zai gani?

Ana jibi ƙaddamarwa Madam ta kira ni daga Kaduna. "Ka gwada shi a cikin waya, ba? Ka ga yadda ya fito?"

"Na gwada, Madam. Komai daidai."

Ban gwada ba. A kwamfutata kawai na karanta, na yaba wa kaina. Har na ƙara da ba ta shawara a haɗa shafin taimakon a cikin manhajar gaba ɗaya, yadda ko babu netwok zai buɗe. Ta ce shawara ce mai kyau. (Ku riƙe wannan, za ku ga inda ta kai ni.)

An yi taron a wani ajin firamare, da hantsi, hadari na haɗuwa. An zo daga Zonkwa, an zo daga Kagoro, masu sayen citta na kasuwa ma sun zo da manyan rigunansu. Fasto ya buɗe da addu'a, wani Alhaji ya yi tasa, kamar yadda aka saba. Ni ina gaba cikin kwat, a wannan zafin. Mama Rifkatu na kan babban tebur, Saratu na can baya wajen taga tana taya wasu mata saka manhajar a waya.

To ƙungiyar nan tana da wata al'ada. Duk abin da aka kawo a rubuce, sai sakatare ya karanta shi a fili daga farko har ƙarshe, saboda waɗanda ba su yi boko ba, sannan tafinta ya juya shi da yare. Sakataren kuwa tsohon hedimasta ne, muna kiransa Baba Sakatare, mutumin da ko lambar shafi ba ya tsallakewa, don wai an taɓa zarginsa da ɓoye layi ɗaya shekaru da yawa da suka wuce, ya rantse ba za a sake ba. Ya gyara tabarau, ya ɗaga waya nesa da fuska, ya danna alamar tambaya.

"Babban kan magana na ɗaya," in ji shi. "Mama Rifkatu tana danna waya kamar tana kashe kyankyaso."

Na ɗauka kunnena ne. Na zaro wayata na danna. Ga shi nan, da manyan baƙaƙe masu kauri, sun fi komai girma a shafin. Ashe a tsarin Madam alamar # ba ta ɓoye layi. Kan magana take mayar da shi. Wannan shi ne layi na farko a takardar da na ƙi karantawa.

Tafinta ya kalli Baba Sakatare, ya kalli Mama, sannan ya juya da yare. Har da kwatance ya yi da babban yatsa. Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake yi ana duba fuskar manya. Mama ba ta motsa ba.

Baba ya karanta bayanin da ke ƙasa, "Taɓa a hankali, kamar kana taɓa goshin jariri," mata suka gyaɗa kai. Na fara addu'a ruwa ya sauko a kan kwanon ajin nan ya danne muryarsa. Hadarin ya tsaya yana kallona.

"Babban kan magana na biyu. Saƙon Mama minti tara ne, bakwai gaisuwa."

Yanzu kam dariya ta fashe sosai. Alhajin nan ya cire hula yana fifita. Madam ta juyo ta kalle ni, ta ce a hankali, "You talk say you test am." Wato, ai ka ce ka gwada.

Na miƙe na ce, "Baba, akwai ɗan kuskure, a tsallake manyan rubutun."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ɗana, a wannan ƙungiya ba a tsallake layi. Zauna."

Na zauna. Na san akwai guda goma a gaba, na kuma san wanda ke na bakwai. Na uku a kan Baba ne da kansa, cewa a sauƙaƙa sashen don ba ya yarda bai gane ba. Ya karanta shi da murya ɗaya da sauran, bai ko yi tari ba, sai dai ya ce wa tafinta, "Juya." Na huɗu, na biyar, na shida, duk suka wuce ta kaina. Gumi ya jiƙe kwat ɗin har aljihu.

"Babban kan magana na bakwai. Ka ci gaba da haƙuri da tsohuwar nan, bayan biki sai ka huta."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Tafinta bai juya ba, kuma ba a buƙata, kowa ya ji. Na waiga wajen taga, Saratu ta sunkuyar da kai. Kunya na ji, amma abin da ya fi kunyar shi ne tsoro, don a take na ga Asabar ɗin nan tana zamewa daga hannuna. Baba Sakatare kuwa, bawan Allah, ya ci gaba da layin da ke ƙasa: "Yadda ake goge saƙon da aka aika bisa kuskure."

Mama ta rufe taron da kanta. Ta gode wa Madam, ta gode wa baƙi, ta ce Ubangiji ya kai kowa gida lafiya, ta wuce ta gabana kamar kujera ce a wurin. Madam ta gyara fayilolin a ranar, amma gyaran ba ya shiga waya sai an sami netwok, kuma albarkacin shawarata tsohon shafin yana buɗewa lafiya lau a kowane ƙauye. Na ji labarin har waɗanda ba sa noman citta sun nemi a saka musu. Ban taɓa jin shafin taimakon da aka karanta kamar nawa ba.

Na kira Saratu sau goma sha ɗaya. Da yamma ta turo saƙo ɗaya, ta cikin Ɗan Aike: "Na duba sashe na bakwai. Bai nuna yadda ake goge wannan ba."

Babu wanda ya aiko cewa an fasa, babu wanda ya aiko cewa a zo. Ranar Asabar kawunnaina suka ce tafiya za mu yi, in kora ce a kore mu a gabanmu. Muka sauke kiret ɗin lemo da buhun gishiri a ƙofar gida, aka shigar da mu falo, aka yi addu'a. Babban kawuna ya fara jawabin da ya shirya, sai Mama ta ɗaga hannu. Ta ciro wayarta daga leda, ta taɓa ta da ɗan yatsa sau biyu, a hankali, cikin gwaninta, ta miƙo mini.

"Injiniya, na hana su gyara nawa. Karanta namba bakwai da bakin ka."

Na durƙusa na karanta. Muryata kamar ta ɗan akuya.

"To," in ji ta. "Kai kana tsammani kai kaɗai ne kana haƙuri? Abin nan, tun sati na farko na iya shi. Saratu ya koya mani a kicin, minti goma. Na bar ka kana zuwa ne domin in ga wane irin mutum zai ɗauki yarinya na. Sati uku ina dafa maka kunu, kana yi mani magana kamar ni ƙaramin yaro ne. Kai haƙurin ka yana da ranar ƙarewa. Nawa fa? In na ba ka ita, har in mutu ina da kai."

Sannan ta ci gaba.

"Amma akwai abu ɗaya. Mama Asabe maƙwabciya na, ba ta taɓa aika saƙo ba a rayuwan ta. Jiya aka karanta mata ƙananan rubutun ka, ta aika wa ɗan ta murya a Legas, ta zo nan tana kuka. Mutum da ya zauna ya yi wannan bayani ba mugu ba ne. Wawa ne kawai." Ta juya wajen kawunnaina. "Wawa kam za mu iya zama da shi. Ku ci gaba da magana da ya kawo ku."

Babban kawuna ya ce "Amin" da ƙarfi, ban san ga wane ɓangare ba. A rayuwata ba a taɓa zagina na ji daɗi haka ba, har hawaye na yi.

Yanzu duk takardar da aka ba ni, ko rabin shafi ce, sai na karanta ta har ƙasa, kuma ba na cewa na gwada sai na gwada. Abin da ba zan so Baba Sakatare ya karanta a gaban tafinta ba kuwa, na daina gaya wa kwamfuta, don na gane ba ta da amana sai ga wanda ya karanta dokarta.

Washegarin bikinmu da safe wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Mama, minti tara cif. Ta gai da ni, ta gai da Saratu, da gajiyar biki, da kawunnaina ɗaya bayan ɗaya, da ruwan jiya. Na saurara duka ban tsallake ko daƙiƙa ba. A can ƙarshe sai ta ce, "To ɗana, biki ya wuce. Ka huta?"

Shekara uku ke nan, kullum da safe sai saƙon nan ya zo.