Shanu Biyun Su Ja'e

Ba zan taɓa mantawa da ranar da shanu suka ƙaryata ni a gaban aji ba. Ina koyon aikin koyarwa ne a wata firamare kusa da Lafagu, kuma ranar ce malaminmu na kwaleji ya zo duba ni. Idan ya kayar da ni, sai na maimaita zangon gaba ɗaya.

Darasin zanen sanduna ne: kowane adadi da sandarsa, mai yawa ya fi tsawo. Littafi ya ba da misali da lemo da ayaba, amma ni uwar iya (’yar birni ce fa, ko tatsar nono ban taɓa gani ba) na ce misalin gida zan kawo.

“Kowa ya faɗi shanun babansa nawa ne.”

Na nuna wani yaro Bafulatani. “Ja'e, ku fa?”

Ya sunkuyar da kai. “Biyu, Malama.”

Sani ɗan tela, wanda ko akuya babu a gidansu, ya yi wuf ya ce, “Mu tamanin!”

Ni kuwa na dage da rula ina zanawa a allo. Sandar Ja'e ’yar guntuwa, ta Sani sai da na yi ɗage kafin na kai ƙarshenta. Har da juyowa ina yanga: “To, gidan wa ya fi shanu?”

Kafin a amsa, sai ga garke ya biyo ta bayan taga. Wucewa suke, wucewa suke, kamar ba za su ƙare ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

“Malama, ga shanu biyun su Ja'e can za su mashaya.”

Wayyo Allah! Ajin ya kece da dariya, har da buga benci. Kunya ta rufe ni, alli ya faɗi daga hannuna.

Da aka tashi, malamin ya kira ni yana danne dariya. “Malama, zanenki ya yi kyau, gaskiya ce kawai babu a ciki. Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa. Wanda bai da su ne ke faɗi.” Ya ce zai dawo mako mai zuwa ya sake duba ni.

Da ya dawo, da takalman yara na yi darasin: masu silifa, masu sandal. Tun daga ranar, abin da ban ƙirga da idona ba, ba na yi masa sanda.